Me ya sa ake canza sunayen tsuntsaye?

Ka ce tsuntsu ɗaya ne, amma sunansa a tsohon littafinka daban, a manhajar waya daban, kana son sanin wanne ne daidai. Mai yiwuwa kowanne daidai ne a zamaninsa.

Suna iri biyu ne. Na kimiyya, na Latin, kalma biyu ce: ta dangi da ta nau'i. Shi yana da doka, sunan da aka fara wallafawa ke tsayawa, lissafin kuma daga littafin Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, na 1758 yake farawa. Abin da ke taɓa shi yawanci binciken ƙwayoyin halitta ne, a haɗa da kuka da launin gashi. In aka gano ashe nau'i biyu ne ake kira da suna ɗaya, sai a raba. Haka aka yi wa balbela: a lokacin rabuwar, ta Afirka da Turai ta riƙe Bubulcus ibis, ta kudanci da gabashin Asiya ta zama Bubulcus coromandus.

Sunan yau da kullum kuwa kwamitoci ke yanke shi. A 2020 ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Amurka ta mayar da McCown's Longspur zuwa Thick-billed Longspur, saboda McCown janar ne a ɓangaren masu kare bauta a yaƙin basasar Amurka. A 2023 ta sanar za ta cire sunayen mutane daga sunayen Turanci na tsuntsayen yankinta.

Inda ake tuntuɓe shi ne bayan rabuwa: tsohon suna kaɗai ba zai nuna wanne ka gani ba. Riƙa rubuta wuri, rana, da shekarar littafin. In aikin bincike ne, tuntuɓi masanin rabe-raben tsuntsaye kafin ka gyara tsoffin bayanai.