Me ya sa jikokin Italiyawa ke son a sauke mutum-mutumin Kolumbus?

Malam, ka tambayi yadda wasu jikokin Italiyawa a Amurka suka juya wa abin da kakanninsu suka kafa baya, wato mutum-mutumin Kolumbus, matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya da ya isa nahiyar Amurka, ka kuma taɓo maganar ƙasar 'yan asalin Amurka. A 1891 gungun mutane sun kashe Italiyawa 11 a New Orleans. Shekarar da ta biyo, Shugaban Amurka Harrison ya yi shelar bikin Kolumbus, Italiyawan baƙi suka riƙe sunan Kolumbus garkuwa daga ƙyama. Jikokin kuwa sun dubi yadda Kolumbus ya bautar da 'yan Taino, 'yan asalin tsibiran da ya sauka, abin ya tsaya musu a rai.

Kada ka ɗauka ƙin asalinsu suke yi. A 2020 jihar Kolorado ta musanya ranar Kolumbus da ta Uwa Cabrini, Ba'italiya mai hidimar baƙi.

Maganar ƙasar 'yan asali ta fi nauyi, domin ta dogara ne ga tsoffin yarjejeniyoyi tsakaninsu da gwamnati, kamar yadda shari'ar McGirt kan ƙasarsu a jihar Oklahoma ta nuna. Nan sai ka tuntuɓi lauyan da ya ƙware a dokokin ƙabilunsu.