Tambaya da Amsa: Fitilar ɗumama 'yan tsaki ta ƙona min yaro, an ce in kifa mata kwali

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ina kiwon buroila a cikin gida a nan Daura, a wani ɗaki da ke manne da na yarana. Yanzu ina da 'yan tsaki 150, kwanansu biyar, ina ɗumama su da jan ƙwan fitila mai wat 250 guda biyu. Shekaranjiya autana mai shekara uku ya faki idona ya shiga ya damƙi ƙwan, tafin hannunsa ya yi bororo. Wanda ya ja min wayar ɗakin ya ce in samu kwalin taliya in liƙa masa takardar alminiyom daga ciki, in kifa a kan fitilar, in yafa buhu a sama. Wai yaro ba zai sake taɓawa ba, kuma zafin ba zai gudu sama ba. Na yi yadda ya ce, amma tun jiya ina jin ƙauri, holdar ma ta fara sauya launi. Wallahi ko barci ba na iya yi. Haka ake yi, ko akwai abin da ya kamata in saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya kiyaye gaba. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki tashi ki zare fulogin, ki jira fitilun su huce, ki ɗauke kwalin da buhun ki fitar da su daga ɗakin. Ƙaurin da kike ji ba na banza ba ne, kuma holdar da ta sauya launi ta gama aikinta, kada a sake jona ta. Shi kuma yaro, ƙunar da ta yi bororo a tafin hannun ƙaramin yaro ta asibiti ce, don idan fatar wurin ta warke a tattare yatsu kan kasa miƙewa. Kada a fasa bororon, kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin man inji. A lokacin da ƙuna ta faru, abin da ake yi shi ne sakar wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20.

Sai maganar kwali, wadda na gaji da cin karo da ita duk shekara da zarar hunturu ya kama. A Katsina na gan ta, a Daura na gan ta, a ƙauyukan Mani da Mashi ma haka: wani kwali, wani buhun taki, wani tsohon bargo, wani har daro yake kifawa ya toshe gefensa da tsumma. Kowa kuma in ka tambaye shi sai ya ce mai wuta ne ya ba shi shawara. Tunanin da ke bayan abin shi ne wai idan aka rufe abu mai zafi an kare mutane daga gare shi. Wannan gaskiya ne a kan fulas ɗin shayi, wanda zafinsa raguwa yake yi. Fitila kuwa muddin tana kunne zafi take haifarwa kowace daƙiƙa. Ƙwai mai wat 250 kusan duk wutar da ya sha zafi yake mayar da ita, don haka aka ƙera shi. Kwali ba ya rage ko wat ɗaya. Abin da kawai yake yi shi ne toshe hanyar da zafin ke bi ya fita, sai ya taru a ciki yana hauhawa har sai wani abu ya gaza.

Ki duba lissafin da kanki. Gilashin irin wannan ƙwai, a sarari ma iska na kaɗa shi, yana haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Takarda da kwali suna iya kamawa da wuta a wajajen digiri 230 ba tare da an ƙyasta ashana ba, kuma kwalin da ya kwana yana gasuwa ya bushe ƙayau ya fi saurin kamawa. Buhun roba irin na shinkafa da taki yana narkewa a wajajen digiri 165, ya riƙa ɗiga a kan shimfiɗar kajin. Robar da ke jikin wayar gida ta yau da kullum, iyakar abin da aka yi ta ta jure digiri 70 ne. To duk waɗannan kika tara a wuri ɗaya, a saman ɓuntun shinkafa ko dusar katako, a watan da iska ta fi kowane lokaci bushewa.

Takardar alminiyom ɗin da aka ce ki liƙa kuwa ƙara dagula lamarin take yi. Ita ba ta cin wuta, shi ya sa mutane ke yarda da ita, amma mayar da zafi take yi kan wuyan ƙwan da holdar, wato daidai wuraren da suka fi rauni. Akwai wani gam da ke riƙe gilashin ƙwai a jikin hularsa ta ƙarfe. Idan ya gasu sai ya sake, gilashin ya suɓuce ya faɗo da zafinsa, hular ta rage a maƙale cikin holda. Ga shi kuma alminiyom yana ɗaukar wutar lantarki. Ranar da gefensa ya taɓa wayar da robarta ta narke, duk wanda ya kai hannu ya ɗaga kwalin zai sha jan wuta.

Akwai wata magana da suke kafa hujja da ita wadda ta fi ɓata min rai: wai ai akwai bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, in wani abu ya faru za ta faɗi. Bireka ba ta jin zafin kwali, yawan wutar da ke bi ta waya take aunawa. Ƙwai mai wat 250 a kan wutarmu ta bolt 230 amfiya ɗaya da ɗan ɗoriya yake ja, guda biyu ba su kai biyu da rabi ba. Bireka mai amfiya 16 ko 20 tana nan a tsaye lafiya lau yayin da kwalin ke ci, ba za ta faɗi ba sai wutar ta cinye robar waya, wayoyin sun haɗu. A lokacin kuwa ɗaki ya riga ya kama. Sannan ki tuna yadda wutarmu take. An ɗauke da magariba, kin leƙa kin ga duhu, kin ƙara yafa wani abu a kai don sanyi, kin bar makunni a buɗe kin kwanta. Ƙarfe biyun dare aka dawo da ita, babu ido ko ɗaya a kanta, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da inda yaranki suke barci.

Kada ki ɗauka abin na gidan talaka ne kawai. Gobarar da ta ci fadar Windsor ta Sarauniyar Ingila a watan Nuwamban 1992, wadda ta lalata ɗakuna 115, daga fitila ɗaya ta tashi, wadda labule ya jingina da ita. A Amurka kuwa, a 1997 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta ƙasar ta ce ta samu rahoton aƙalla gobara 189 da mutuwar mutum 11 daga wata irin doguwar fitilar halojin ta tsakar ɗaki, wadda a lokacin kimanin miliyan 40 ke gidajen mutane. Maganin da aka raba wa jama'a kyauta ragar waya ce da ake ɗorawa a bakin fitilar, don labule ko tufafi kada su kai ga ƙwan, iska kuma ta ci gaba da ratsawa.

Ita ce kema kike buƙata. Fitilar ɗumama ta gaskiya tana zuwa da kwano na alminiyom mai 'yan huji a sama kusa da wuya, da holdar tangaran, da ragar ƙarfe a ƙasa, da zobe na ratayewa. Hujin nan ba ado ba ne, ta nan iska mai zafi ke fita, kada a toshe su ko da salatif. Masu sayar da kayan kiwon kaji a Katsina da Kano suna kawo ta. In ba ki samu ba, kowane mai walda da ya san aikinsa zai haɗa miki raga: ƙarfe zalla, ba ragar roba ba, ba kuma wadda aka lulluɓe da koriyar roba ba. Idanunta kada su wuce rabin inci, yadda kan ɗan tsako ba zai zurma ba. Tsakaninta da gilashin a bar aƙalla faɗin yatsu huɗu ta kowane ɓangare. Ki ce ya yi gindinta a zagaye kamar ƙwarya, don in fitilar ta faɗo ta mirgina gefe maimakon ta zauna tana kallon shimfiɗa. A ɗaure ta da noti, ba da wayar ɗauri ba, kuma tunda duk jikin ƙarfe ne a sa masa wayar at, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa.

Amma Hajiya ki riƙe wannan da kyau, raga ba ta mayar da fitila abin wasan yara. Ita ma tana ɗaukar zafi, kuma ƙarfen da ya kai digiri 60 zuwa 70 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta yaro ma ta fi ta babba laushi. Aikinta uku ne: ta hana hannu da fuka-fuki isa ga gilashi, ta hana ƙwan kwanciya a kan ɓuntu in ya faɗi, ta kuma tare manyan ɓaraguzai in ya fashe. Kare yaro ɗan shekara uku kuwa aikin sakata ne. A sa wa ƙofar ɗakin sakata daga sama inda hannunsa ba ya kaiwa.

Holdar roba baƙa ko fara da ake sayarwa a kowane shago, yawancinsu an yi su ne don ƙwan wat 60 ko 100, kuma in kin juya za ki ga an rubuta a jiki. Wanda ya ɗaura miki wat 250 a kanta ko bai karanta ba ko bai damu ba. Araha ba ta ado. Ki nemi ta tangaran, kuma ɗan guntun wayar da ke shiga cikinta ya zama irin mai jure zafi, ba siririyar ja-da-baƙi ta sifika ba. Kada a rataye fitila da wayarta. Sarƙa ake sawa a jikin ƙugiyar da aka kafe a azara ko katakon rufi, a ƙara wata waya ta ƙarfe daban a matsayin ta biyu, in ɗaya ta ƙwace ɗaya ta riƙe. Daga ƙwan zuwa shimfiɗa kada ya gaza santimita 45, wato ƙafa ɗaya da rabi, kuma kada a kusanta ta da bango mai labule ko buhunan abinci. Mazubin ruwa ma a matsar da shi daga ƙarƙashinta, don ɗigon ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tarwatsa shi. Ƙurar hunturu da gashin 'yan tsaki suna taruwa a kan kwano da raga, a riƙa gogewa da busasshen ƙyalle bayan an zare fulogi ta huce. Wani abu kuma da masu kiwo da yawa ba su sani ba: akwai ƙwan da ake shafe wa wani sinadari mai suna Teflon don kada ya tarwatse, na wuraren ɗumama abinci ne. In ya yi zafi yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsaye. Ki karanta kwalin ƙwan kafin ki biya.

Na san abin da ya sa shawarar kwali ta shige ki shi ne sanyi, kuma kina da gaskiya, daren Daura a Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 15, alhali ɗan tsako a makon farko yana son 32 zuwa 35 a daidai bayansa, a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. To ɗakin ake killacewa, ba fitilar ba. Ki kewaye 'yan tsakin da da'irar kwali ko silin a ƙasa, tsayin ƙafa ɗaya da rabi, nesa da fitilar da ƙafa biyu zuwa uku, samanta a buɗe. Ki tare taga ta ɓangaren da iska ke bugowa, ki bar kafa daga sama. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye a kan shimfiɗa. Su kansu za su nuna miki: in sun cunkushe a ƙarƙashin fitila suna ta kuka sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha kin dace. Ƙwai biyu masu wat 250 sun ishi 150 in ɗakin ba ya shan iska.

Ku kuma 'yan'uwana masu aikin wuta, ku ji tsoron Allah. Matar nan ta ba ka kuɗinta, ta bar ka ka shiga har cikin gidanta saboda ta yarda ka san abin da ba ta sani ba. Amana ce. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, cewa ban sani ba bari in tambayo bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Amma ka ƙirƙiro dabara a tsaye don kada a ce ka gaza, ka karɓi kuɗin aiki ka tafi gida ka yi barci, ka bar ƙwai mai digiri 200 a cikin kwali kusa da ɗakin yara, wannan haƙƙi ne da za a tambaye ka. Wanda ya koya maka ma haka, don da yawanku a wajen oga kuka gani kuka ɗauka.

Hajiya, kafin a kawo ragar da sabuwar holda, yau da dare ki haɗa 'yan tsakin a ƙaramar da'ira, ki sa musu galan ko kwalaben ruwan zafi da aka naɗe da tsumma, ki riƙa sauyawa. In dole sai kin sa gawayi, a bari ya ruru a waje tukuna, a bar taga a buɗe, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin, don hayaƙinsa marar wari yana kisa. Ranar da aka ɗaura sabuwar fitilar ki kunna ta da rana kina nan, ki ba ta awa biyu, ki shinshina, ki zare fulogi ki taɓa wayar kusa da soket. In ta yi ɗumi sosai ko kin ji ƙauri, a sauya waya kafin dare. Ki ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, kuma ki gaya wa duk 'yan gidan cewa in wuta ta tashi a kashe babban makunni kafin a watsa ruwa.