Bijimin da ke tunkuyi: a riƙe shi zuwa sallah ko a rabu da shi?

Wani mai turkar shanu ya aiko da tambaya: "Ina da bijimai 9 a bayan gida. Mafi girmansu Rahaji ne, irin jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, amma mafaɗaci. Sau biyu yana kai wa yaron da ke ba su abinci tunkuyi, na biyun har ya targaɗa masa hannu. Saura wata 3 babbar sallah, in na sayar yanzu ribar ta tafi. Yaya zan yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara wa yaron sauƙi. Shawarata ita ce ka fitar da wannan bijimi a kasuwa mai zuwa, kada ka jira sallah.

Kafin nan ka tabbatar halinsa ne, ba ciwo ba. Dabbar da take lafiya lau sannan ta rikiɗe dare ɗaya, likitan dabbobi ya kamata ya gani, don ko haukan kare yana kama shanu. Saniya mai sabuwar haihuwa ma takan yi faɗa na 'yan kwanaki ta huce. Amma bijimin da in an doso shi yake sunkuyar da kai, ya juya gefe yana nuna faɗin jikinsa, yana tonon ƙasa da kofato yana huci, kuma ya riga ya taɓa mutum har sau biyu, wannan ya gane cewa ɗan Adam yana gudu. Duka ba ya gyara shi, ƙara masa ƙeta yake yi.

Ka lissafa ribar sallah, amma ba ka lissafa abin da yake ci maka yanzu ba. Yaron da ke tsoro daga nesa zai watsa dusa ya ja da baya. Ba zai tsaya wanke kwamin ruwa ba, balle ya cire kaska a mara ko ya riƙe a yi allura. Sauran takwas ɗin da ke kusa da shi duk sun shiga wannan sakaci. Shi kansa mafaɗacin ba ya biyan abincinsa yadda kake zato: binciken da masaniyar halayyar dabbobi Temple Grandin da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna shanu masu natsuwa sun fi masu firgita ƙara nauyi a kullum. Dusa da harawa da ƙwayar auduga na wata 3 ba kyauta ake ba ka ba.

Sai babban lissafi. Ƙahon Rahaji, kai ma ka san tsawonsa. In ya sami cikin mutum, kuɗin asibiti kaɗai zai iya lashe ribar bijimai biyu, in kuwa rai ya salwanta ba maganar riba ake ba. Kuma yanzu unguwa ta san an gargaɗe ka, ba ka da bakin cewa tsautsayi ne.

Wurin sayarwa, mahauta za ka nema. Su nama suke saye, kilon da ke jikinsa suke dubawa ba faɗansa ba, don haka ragin da za su yi maka kaɗan ne. Ka gaya wa dillali aibinsa a fili, don ɓoye aibi a ciniki haramun ne. Kada ka yarda ya tafi gidan da za a ɗaure shi cikin yara ana jiran layya, ko garken da za a sa shi barbara, domin 'ya'ya sukan gaji wannan hali. Ranar lodi ka samo ƙwararru da igiya biyu, yaron nan ya tsaya can nesa.

Kuɗin kuma kada su kwana. Wata 3 ya isa ka sayi matsakaitan bijimai biyu, irin Bunaji ko Gudali, ka turke su su yi kyau kafin sallah. In ka shiga kara, a Wudil ne ko Maigatari ko Potiskum, kada girma ya rufe maka ido. Tsaya minti biyar tukuna, ka sa mai shi ya shafa bayan dabbar ya kama kunnenta a gabanka. In ya fara kame-kame yana neman sanda, ka wuce gaba.