Kafin ku kafa kamfanin kiɗa, ku san wanda ke riƙe da masta

Kai yaro, na ga saƙonka. Kana tambaya yadda ƙaramin kamfanin kiɗan rawa na na'ura, mai zaman kansa, yake tashi har ya zama babba, kuma ka ce kai da abokanka biyu har kun zaɓi suna kun zana tambari. Kun riga malam masallaci. Wata bakwai kacal ka yi a sutudiyon nan, ko naɗe waya ba ka gama iyawa ba. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu ke nan, kowa so yake a kira shi oga tun bai yi bauta ba. Da na yi niyyar share ka, sai dai tambayar ta fama mini tsohon gyambo.

Maganar rajista da ɗora waƙa a Boomplay ko Audiomack ba zan ɓata bakina a kai ba, kowane yaro mai waya ya iya. Dukiyar kamfani ita ce masta, wato asalin ɗaukar sautin, da takardar da ta ce taka ce. Dubi kamfanin Spinnin' Records. Mutum biyu suka fara shi a ƙasar Holan a 1999, Eelko van Kooten da Roger de Graaf. Ba su damu da kundi ba, waƙa ɗaiɗai suka riƙa saki ba ƙaƙƙautawa, suka kama YouTube da wuri. A 2017 Warner, babban kamfanin kiɗa na Amurka, ta saye shi a kan abin da ya haura dala miliyan 100, kuma tarin waƙoƙin shekara 18 da sunan da suka gina ta biya wa wannan kuɗi. Kamfanin Armada ma a 2003 aka kafa shi a Amstadam, kuma Armin van Buuren, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya zo da masu sauraron shirinsa na rediyo a hannu.

Ni ma na taɓa riƙe irin wannan dukiya. A 2008 kiɗan haus na Afirka ta Kudu, wani nau'in kiɗan rawa na na'ura, ya shiga kaina. Akwai wani dattijo makaɗin kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa a mayankar Oko-Oba da ke Legas, muna ce masa Baba. Na roƙe shi ya riƙa zuwa ɗakina a Agege bayan sallar isha'i. Katifu biyu na jingina a bango don su tare ƙarar janareta. Shi yana matse kalangu a hammata, tsarkiya tana kuka, ni ina jera masa bugun na'ura a ƙarƙashi. Da farko ya ce wannan bugu ba ya numfashi, ba zai iya binsa ba. A dare na huɗu sai ya rufe ido ya shiga tsakanin bugun, na ji tsigar jikina ta tashi. Wata uku muka yi, muka fitar da kiɗa takwas. Har gobe ban ji wanda ya haɗa kalangu da na'ura ya kamo ƙafar wannan aiki ba, kuma ba cika baki nake ba.

A lokacin, in faifanka bai bi ta kasuwar Alaba ba, to bai fita ba. Aka haɗa ni da wani ɗan kasuwa a can. Ya saurara, ya miƙe yana rawa a cikin shago, ya ƙirgo naira dubu 150 kafin alƙalami, ya ce sauran za a riƙa lissafawa a kan kowane kwafi. Sai ya ce in kawo masta, har da sautin kowane kayan kiɗa daban-daban, wai injiniyansu zai daidaita kafin a buga. Na kai masa da hannuna. Na yi zancen takarda, ya dafa ƙirji ya ce ai mun zama 'yan'uwa, ya rantse. Na yarda.

Bayan sati uku ina cikin danfo, wato bas ɗin haya, a Oshodi na ji kalangun Baba yana tashi daga lasifikar mai tura faifai a baro. Na sauka na saya. Bangon faifan hoton wani yaro ne da ban taɓa gani ba, an ɗora masa murya a kan kiɗanmu, babu sunana, babu na Baba. Na koma shagon ya fi sau goma. Yau a ce ya yi tafiya, gobe ya ce masu satar fasaha sun kashe kasuwar, shi ma asara ya yi. Ruwan da ya ci Legas a watan Yulin 2011 ya shiga ɗakina ya lalata kwamfutar da asalin aikin ke ciki. Daga baya na tarar da kiɗan a intanet, an yi masa rajista da sunan kamfanin mutumin. Na je wurin lauya, tambayarsa ta farko ita ce, ina takarda? Na biyu, ina asalin ɗaukar? Ban da ko ɗaya.

Kuɗin ba su ne ke hana ni barci ba. Baba ya ji kalangunsa a kowace tasha, ya ɗauka na karɓi miliyoyi na ɓoye masa. Ya daina amsa gaisuwata. Ya rasu ban wanke kaina a wurinsa ba, Allah ya jiƙansa.

Saboda haka ka buɗe kunnenka. Kada a kunna makirufo sai an rubuta kason kowa, har makaɗin da ya zo na dare ɗaya, kowa ya sa hannu. Masta ba a sayar da ita, haya ake bayarwa na shekaru sanannu, ta dawo gida. Kwafinta uku, ɗaya ba a unguwarku ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta tsaya wa wanda ba shi da shaida ba. Ku tsaya a kan sauti ɗaya har dije, mai saka kiɗa a wurin rawa, ya ga tambarinku ya san abin da zai ji kafin ya kunna.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai ka zo da abokan nan naka. Kowa ya zo da abin da ya zuba, kuɗi ne ko kwamfuta, a rubuce. In ɗayansu ya ce ai ku 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba, kada ka shigo mini da shi sutudiyo.