Tambaya da Amsa: Zinariya a Bakin Teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a wani ƙauye bakin kogin Haɗejiya. Yarona ya nuna mini bidiyo a waya, wasu Turawa sun shiga teku iya ƙugu da wata na'ura kamar sanda, in ta yi ƙara sai su tona yashi su fito da zinariya. Gaskiya ne ko dabo? In na sayar da ɗan bijimina na sayi irinta, zan samu a kogin namu?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ba dabo ba ne ɗan'uwa, amma ka riƙe bijiminka tukuna.

Inda wannan harka ta yi suna shi ne gabashin Fulorida a Amurka, kuma da dalili. A 1715 ayarin jirage 12 ya taso daga Habana ta ƙasar Kuba, maƙare da azurfa da zinariya, za a kai Sifen. Ƙarshen watan Yuli guguwa ta afka musu, 11 suka farfashe dab da gaɓa, mutum sama da dubu suka rasu. An kwashe da yawa tun a lokacin, sauran yashi ya binne. Shi ya sa in iska ta yi ƙarfi ta motsa yashin, sai kuɗin su leƙo. A 2015 wasu masu nutso suka tsinci sulallan zinariya 350, darajarsu dala miliyan 4.5, a ruwan da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba. Azurfa baƙa ƙirin take fitowa, gishiri ya cinye ta, sai ka ɗauka tsohon murfin kwalba ne. Zinariya kuwa tana nan da ƙyallinta kamar jiya ta faɗa.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne wahalar. Na'urar nan duk ƙarfen da ta ji kuka take yi, ƙusa ce ko gwangwani. Wani Ba'amurke mai neman dukiyar teku, Mel Fisher, ya shekara 16 yana neman Atocha, wani jirgin Sifen na daban da ya nutse da dukiya, kafin ya dace a 1985, kuma a 1975 ɗansa ya rasu a wannan nema, jirginsu ya kife. Ga doka: sai da izini ake tona inda jiragen suka nutse, gwamnatin jihar kuma tana ɗaukar har kashi 20 cikin 100. Da na fara jin haka sai da na yi murmushi, don ɗaya bisa biyar ke nan, daidai humusin da malaman fiƙihu suka ce a fitar daga rikazi, wato dukiyar mutanen dā da aka tsinta a binne.

To, mu dawo gida. Jirgin sarkin Sifen bai taɓa ratsa kogin Haɗejiya ba. Ni dukiyar ƙasa ɗaya na taɓa gani da idona. Ina yaro a ƙauyenmu wajen Ringim, maƙwabcinmu yana haƙa masai ya ci karo da tukunya, bakinta a liƙe da laka. Gari ya taru, har da mai unguwa. Da aka fasa, wuri ne fal, kuɗin kakanni. Mu yara muka yi wata guda muna dara da shi.

In ka sayi na'urar, abin da za ta tono maka shi ne ƙugiyoyinka da suka tsinke da darmar komarka. Wanda kuma ya zo ya ce ya ga zinariya a ƙasan kogin, ka kawo kuɗin turare da baƙin bunsuru a kori aljanu, ka ce ya fara shiga, kana jiransa a kwale-kwale.