Kwamfutata ta koma shekarun baya: tambayoyinku kan BIOS da batirin CMOS

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, Katsina: Malam, ina da kwamfutar tebur ƙirar HP, 'yar Kwatano. Kullum na kunna ta da safe sai in tarar agogo da kwanan wata sun koma shekarun baya, intanet kuma ta ƙi buɗe shafuka. Wani ya ce ƙwayar cuta ce, a goge komai a sake zuba Windows.

Amsa: Alhaji, kada ka bari a goge maka komai. Batiri ne ya mutu. A kan babban allon cikin kwamfutar akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo da ake kira batirin CMOS, an rubuta CR2032 a jikinsa, ƙarfinsa volt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan an ɗauke wuta. BIOS kuwa ita ce 'yar manhajar da ke fara tashi kafin Windows, ta duba kayan ciki, ta nemo inda Windows take. Wannan batiri yana shan wahala ne a lokacin da kwamfuta ba ta jone da wuta, kuma ka san halin wutarmu. Ga shi ita 'yar Kwatano ta sha zama a sito kafin ta iso hannunka.

Shafukan da suka ƙi buɗewa ma daga agogon ne. Kowane shafi mai tsaro yana da shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwamfutarka na ganin kamar shekaru goma baya ake, sai Chrome ya ɗauki shaidar a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ya ƙi shiga.

Masu gyaran agogo suna sayar da batirin. Ka zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki, sannan ka sa sabon, gefen da ke da alamar + yana sama. Da ka kunna, yi ta danna F10 har BIOS ta buɗe, ka gyara kwanan wata, ka adana.

Tambaya daga wata ɗaliba a Daura: Na canza batirin Dell ɗina, yanzu kuma Windows ta ƙi tashi, sai dai shuɗin allo da ke cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Aikin kammala karatuna yana ciki.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, alamu sun nuna aikinki na nan daram. Cire batiri yakan mayar da BIOS saitin masana'anta, kuma ba lallai ne ya dace da yadda aka zuba miki Windows ba. Danna F2 da zarar tambarin Dell ya bayyana, ki nemi SATA Operation, wato saitin yadda kwamfuta ke magana da faifan ajiyarta. Yawancin Dell suna komawa RAID On, alhali masu gyara sukan zuba Windows a kan AHCI. Ki juya shi zuwa ɗayan, ki adana, ki gwada.

Idan kuma saƙon ya zama cewa ba a ga na'urar tashi ba, to ki duba Boot Sequence. Hanyoyin tashi biyu ne: akwai UEFI, sabuwar hanya, akwai Legacy, tsohuwar. Windows ɗin da aka zuba ta hanyar Legacy ba za ta tashi ta UEFI ba, haka nan akasin haka. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda, kuma ki ɗauki hoton allon da wayarki kafin ki taɓa shi. Wani lokaci bayan irin wannan canji BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanan faifai, kan nemi mabuɗi mai lamba 48. Idan da asusun Microsoft aka saita kwamfutar, yawanci a can za ki same shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu masu gyara ke ganin shuɗin allo su ce sai fomatin, don ya fi musu sauƙi.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Katsina: Na sayi Lenovo ThinkPad a hannu, BIOS ɗinta na neman kalmar sirri. In cire batirin?

Amsa: Ba zai yi ba, Malam. A tsofaffin kwamfutocin tebur wannan dabarar tana ci, amma ThinkPad tana ajiye kalmar sirrin mai kula a wani guntu daban da bai damu da batiri ba. Koma wurin wanda ya sayar maka, ya ba ka kalmar ko ya canza maka wata. Ka matsa masa, domin idan kana son Windows 11, tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan a kashe yake, a cikin wannan BIOS ɗin da aka kulle ake kunna shi.