Tambayi Anti: Mi ya haɗa watan Yuni da tutar bakan gizo?

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce daga Mabera nan Sakkwato. Duk watan Yuni sai in ga kamfanonin waje a Facebook sun maida tambarinsu kalar bakan gizo, ƙawata ta ce bikin masu neman jinsi ne. To mi ya sa Yuni? Kuma mun yi gardama da yayana, shi ya ce duk abin nan Turawa suka ƙirƙiro shi jiya-jiya, ni ko na ce to 'yan daudun da kakarmu ke ba mu labari fa?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma asalin abin wata mashaya ce ta masu neman jinsi a New York ta Amurka mai suna Stonewall Inn. A wancan lokacin 'yan sanda sun saba kai samame irin waɗannan wurare su kwashi mutane, to a daren 28 ga Yuni 1969 da suka je sai mutanen suka ƙi watsewa, aka yi ta jifa da bore har kwanaki a jere. Da shekara ta zagayo, 1970, suka fito maci don tunawa da ranar, daga nan abin ya zama na shekara-shekara. Ita tutar ma daga baya ta zo, wani Gilbert Baker ya ɗinka ta a San Francisco a 1978, da kala takwas, yanzu shida ake yi. A shekarar ta 1978 kuma aka harbe Harvey Milk, kansilan garin da ya ci zaɓe a 1977 ba tare da ya ɓoye cewa shi mai neman jinsi ne ba.

Abin da yayanki bai sani ba, su Turawan da kansu sun daɗe suna ɗaure mutane kan wannan. Ki duba Alan Turing, masanin lissafin Ingila da ya taimaka aka warware saƙonnin sirri na sojan Jamus a yaƙin duniya na biyu, mutumin da duk mai taɓa kwamfuta yau yake cin gajiyar tunaninsa, a 1952 kotu ta same shi da laifin hulɗa da namiji aka ce ya zaɓa ko kurkuku ko a riƙa ɗura masa maganin kashe sha'awa, ya zaɓi maganin, bayan shekara biyu aka tsinci gawarsa yana da shekara 41. Sai 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, yanzu hotonsa ne a takardar fam 50. Ni dai duk sanda na tuna labarin nan sai na ji wani iri. Ingila ba ta sassauta dokar ba sai 1967, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma sai 1990 ta cire shi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Kuma irin wannan doka su suka kai ta ƙasashen da suka mulka, kamar sashe na 377 a Indiya wanda kotun ƙoli ta soke ɓangarensa da ya haramta neman jinsi a 2018.

Masu canja jinsi kuma nasu layin daban ne. Likita Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar bincike a Berlin a 1919, 'yan Nazi suka fasa ta suka ƙona littattafanta a 1933. Wadda ta fara yin suna sosai a jaridun Amurka ita ce Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa tiyata a Denmark a 1952.

Yanzu ga 'yan daudu. A nan ke ce da gaskiya, sun daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a san wani Stonewall, ana danganta sunan da Ɗan Galadima na bori, kuma an san su da girki da sayar da abinci a tasha da kasuwa da hidimar biki, ga karin magana da habaici kamar me. Amma kar ki haɗa su buhu ɗaya da 'yan macin Amurka, daudanci maganar ɗabi'a ce da sana'a da yadda mutum ke magana, da yawansu ma suna da mata da 'ya'ya. Haka mata-maza, wanda aka haifa da halitta biyu, shi ma wani abu ne daban, malaman fiƙihu sun kira shi khunsa har sun yi masa babi a rabon gado. Abin da ya zo daga waje shi ne ƙungiya da tuta da neman haƙƙi a kotu, kamar auren jinsi da Holand ta fara halattawa a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006.

A nan gida kuwa kin san matsayin addini, ga shari'a da jiharmu ta ƙaddamar tun 2000, ga dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan shiga ƙungiyarsu. Sai dai babu inda dokar ta ba 'yan unguwa izinin dukan mutum don an ga yana rangwaɗa, kuma ƙazafi ma laifi ne babba a shari'a. Ki gaida yayan naki, ki ce Anti ta ce ya biya ki kuɗin data.